A dawo da awo cikin awon ciki

Wanda ya fara kiran zuwan mai ciki asibiti da sunan "awo" ya san abin da yake faɗa. A kasuwar Dawanau ba wanda zai yarda a kalli tsibin gero a ce masa "wannan zai kai tiya goma" ya biya ya tafi, sai an sa kwano an auna a gabansa. Amma mace mai cikin wata takwas za ta yi sammako, ta zauna a benci har azahar, a ɗora mata hannu a ciki, a ce lafiya lau, a ba ta jajayen ƙwayoyi, a sa hannu a kati, ta koma gida da sunan ta je awo. Wani lokaci idan ka buɗe rijistar ranar sai ka tarar da awon hawan jini 120/80 a jere daga sama har ƙasa, alhali ba yadda za a yi mata arba'in su zo da lamba ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2023 mata kimanin 260,000 suka rasu a duniya ta dalilin ciki da haihuwa, kuma kimanin 75,000 daga cikinsu a Najeriya ne. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu ke nan a ƙasa ɗaya. Abin da manyan binciken shekara talatin da suka wuce ke nunawa, kuma shi ne ra'ayina, shi ne mafi yawan abin da ke kashe mai ciki da ɗanta yana bayyana a lamba kafin ido ya gan shi, sannan lambar ba ta ceton kowa sai an ɗaure ta da matakin da za a ɗauka nan take. Kayan da ake bukata don haka masu araha ne. Inda muke zuba kuɗi da hankali wani wuri ne dabam.

A fara da hawan jini, domin shi ne uban jijjiga, wadda wasu ke kira taune-taune. Ciwon yana farawa ne daga mabiyiya: jijiyoyin da ke kai mata jini ba su buɗe yadda ya kamata tun farkon ciki, sai ta riƙa sakin sinadaran da ke taɓa jijiyoyin uwar ko'ina, a ƙoda da hanta da ƙwaƙwalwa. Yakan fito fili bayan mako na 20. Matar na iya yin makonni tana girki tana wanki ba ta jin komai, jininta kuwa yana hawa. Lokacin da ciwon kai mai tsanani, da ganin dishi-dishi, da ciwo a ƙarƙashin haƙarƙarin dama suka zo, an makara sosai. Shi ya sa yadda ake gwada jinin yake da muhimmanci kamar gwadawar kanta. Ta zauna ta huta minti biyar, bayanta a jingine, ƙafa ba a harɗe ba, hannu daidai da ƙirji. Ɗaurin na'urar ya dace da kaurin damtsenta, domin ƙaramin ɗauri a babban hannu yana ƙara lamba, babba a siririn hannu yana rage ta. A rubuta abin da aka gani: 138/88 ba 130/80 ba ne. Idan ya kai 140/90 a sake gwadawa, a tsoma tsinken gwaji a fitsari a nemi furotin. Idan ya kai 160/110 ba maganar "ki dawo mako mai zuwa", a cikin awa ɗaya ake so a sauke shi, da ƙwayar nifedifin miligiram 10, ko allurar haidralazin ko labetalol, kuma ba ta barin asibiti.

Ana ma iya tarar ciwon kafin ya iso. Binciken ASPRE da aka wallafa a 2017 ya ba mata masu haɗari asfirin miligiram 150 kowane dare tun daga mako na 11 zuwa 14 har mako na 36. Cikin waɗanda suka sha, waɗanda ciwon ya kai a ciro musu ɗa kafin lokaci sun zama 1.6 cikin ɗari, waɗanda ba su sha ba kuwa 4.3. Gwaje-gwajen da suka tace matan da su ba mu da su a ƙauye, amma tambaya kaɗai tana kama da yawa: wadda ta taɓa yin ciwon a cikin baya, mai hawan jini tun kafin ciki, mai ciwon suga ko ƙoda, mai tagwaye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a ba irin waɗannan miligiram 75 a kullum, a fara kafin mako na 20. A nan ne al'adarmu ta ɓoye ciki sai ya fito take cutar da mu. Kunyar cikin fari abu ce mai kyau a tsakar gida, amma wadda ta fara awo a wata na shida ta riga ta wuce lokacin da asfirin ya fi aiki.

Idan jijjigar ta zo, magani ya tabbata tun 1995, lokacin da wani babban bincike ya nuna magnesiyam salfet ya rage maimaituwar jijjiga da kusan rabi idan aka kwatanta da diyazefam. A 2002 binciken Magpie, mai mata 10,141 a ƙasashe 33, ya nuna yana rage aukuwarta da kashi 58 cikin ɗari ga waɗanda ciwon ya kama amma ba su kai ga faɗuwa ba. Ba sai mun je nesa ba ma. A 2008 aka shigar da maganin manyan asibitoci goma na jihar Kano tare da horar da ma'aikata, sai mace-macen masu wannan ciwo ya sauko daga kusan 21 cikin ɗari zuwa 2.3. Magani ɗaya, takardar ƙa'ida ɗaya a bango.

To me ya sa har yanzu ake ɗora mai jijjiga a mota ba a yi mata allurar ba? Tsoro. Ma'aikaciya ta ji cewa maganin yana tsayar da numfashi, sai ta gwammace ta rubuta takardar tura ta gaba. Tsoron nan awo ne maganinsa. Kashin farko giram 14 ne: giram 4 ta jijiya a hankali, ba a ƙasa da minti biyar ba (mililita 8 na ruwan maganin mai ƙarfin kashi 50, a haɗa da mililita 12 na ruwan allura), sai giram 5 a kowane ɗuwawu, can cikin tsoka. Wannan kashin ba ya kai mace ga guba, kuma ƙaramin asibiti ma ya kamata ya ba da shi kafin a tura ta. Bayan nan giram 5 duk awa huɗu, ana sauya ɗuwawu, har awa 24 bayan haihuwa ko bayan jijjigar ƙarshe. Kafin kowane kashi ana duba abu uku: numfashi bai gaza 16 a minti ba, gwiwa tana harbawa idan an buga jijiyarta, fitsari bai gaza mililita 30 a awa ba. Fitsarin ne ake yawan mantawa, alhali ta ƙoda maganin ke fita. Idan ƙoda ta tsaya sai ya taru a jini. Ɗaya daga cikin ukun ya gaza, a dakatar. Numfashi ya yi rauni, a ba da kalsiyam gulukonet giram 1 ta jijiya a hankali. Kuma magnesiyam ba ya warkar da ciwon, lokaci yake saya: wadda ta yi jijjiga ana so ta haihu cikin awa 12. A gida kuwa, awannin da ake ɓatawa ana turare ana cewa iska ce ta buge ta, ko ana cusa mata cokali a baki, su ne awannin da jini ke fashewa a ƙwaƙwalwa. A kwantar da ita ta gefen hagu, a nemo mota, a yi addu'ar a hanya.

Darasin da ya fi ƙarfi a ganina ya zo ne daga zubar jini bayan haihuwa, kuma da hannunmu a ciki. An daɗe da sanin cewa ido yana raina jini. Zani ya sha, katifa ta sha, wani ya bi ƙasa, ungozoma mai shekara ashirin a aiki ta ce "bai yi yawa ba". Matashiya kuma jikinta yana riƙe awon jininta daidai har sai ta zubar da mai yawa, sannan ta faɗi gaba ɗaya. Binciken E-MOTIVE, wanda aka wallafa a 2023, an yi shi a asibitoci 80 na Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, da mata 210,132, kuma Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Ba sabon magani aka kawo ba. Leda ce ake shimfiɗa wa mace da zarar jariri ya fito, mai aljihu kamar mazurari, da layukan awo a jiki. Ana duba ta duk minti 15 a awar farko, tare da bugun zuciya da awon jini da taurin mahaifa. Jini ya kai mililita 500, kusan cikin ledar fiyawata ɗaya, ko ya kai 300 tare da wata alamar haɗari, sai a yi komai a tare: a murza mahaifa, a ba da oksitosin mai sa mahaifa ta matse, a ba da tiranezamik asid mai taimaka wa jini ya daskare, a sa ƙarin ruwa, a duba ko akwai yagewa ko ragowar mabiyiya, in bai tsaya ba a kira na gaba. A da ana gwada ɗaya, a jira, a gwada wani.

A asibitocin da suka ci gaba da tsohon tsari, rabin masu zubar jini kawai ake ganowa, 51 cikin ɗari. Inda aka sa ledar an gano 93. Zubar jini mai tsanani, ko buɗe ciki saboda jini, ko mutuwa ta dalilinsa, sun sauko daga 4.3 cikin ɗari zuwa 1.6, ragin kashi 60. A ƙarshen shekarar Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da wannan shawararta. Jamhuriyar Nijar ma ta bi irin wannan tunani da abin da take da shi: zani mai girman da aka sani, wanda in ya jiƙe sharkaf an san an kai kusan rabin lita, sai a bi matakai a jere tun daga ƙwayar misofrostol, kuma cikin shekara shida mace-macen zubar jini a asibitocinta ya ragu da fiye da rabi.

Agogo ma abin awo ne. Binciken WOMAN na 2017, mai mata 20,060 wanda asibitocin Najeriya suka ba da kaso mai yawa a ciki, ya nuna tiranezamik asid giram 1 ta jijiya cikin minti goma yana rage mutuwa ta zubar jini da kusan kashi ɗaya cikin uku idan an ba da shi cikin awa uku da haihuwa. Bayan awa uku amfanin ya tafi. Saboda haka rubuta wa miji takarda ya fita neman maganin a kemis ƙarfe biyun dare daidai yake da hana shi. A cikin akwati ya kamata ya kasance, kusa da gadon haihuwa, a yi lissafin kuɗi da safe. Oksitosin kuma yana son sanyin firij, digiri 2 zuwa 8. Wanda ya yi watanni a kan kanta cikin zafin bazara ƙarfinsa ya ragu ko da ranar lalacewarsa ba ta zo ba. Inda babu wuta akwai makamancinsa, kabetosin mai jure zafi, wanda binciken CHAMPION na 2018 ya gwada a ƙasashe goma har da Najeriya. Sai ƙarfin jinin matar tun kafin naƙuda: ƙasa da giram 11 ƙarancin jini ne, ƙasa da 7 mai tsanani, kuma jan fatar ido a leƙa ba ya maye gurbin gwaji. Abin da mai jini 12 za ta zubar ta tashi, shi zai kai mai jini 6 kabari.

Akwai lambar da kusan ba a ɗauka da muhimmanci, ita ce makonnin cikin. Mu da wata muke ƙirga, kuma mace mai shayarwa da ta sami ciki ba ta ga al'ada ba ba ta da ranar da za ta kama. Abin da rashin wannan lamba ke jawowa ya fito fili a bincike biyu kan magani ɗaya. Allurar dekzametason da ake yi wa uwa idan za ta haifi bakwaini tana nunar da huhun jariri. Binciken ACT na 2015 ya yaɗa ta har ƙananan asibitocin ƙauyuka a ƙasashe shida, inda ake ƙiyasta makonni da ranar al'ada da tef. Sakamakon ya girgiza kowa: mutuwar jarirai ta ƙaru da kimanin 3.5 cikin kowane dubu, cututtukan bayan haihuwa a jikin uwaye ma sun ƙaru. Da aka duba, yawancin waɗanda aka yi wa allurar ba bakwaini suka haifa ba. Sai Hukumar Lafiya ta Duniya ta sake gwadawa a binciken ACTION na 2020, a asibitoci 29 na Najeriya da Kenya da Indiya da Pakistan da Bangaladash, da sharuɗɗa: an tabbatar da makonni da hoton ciki, tsakanin 26 da 34, haihuwa ta gabato, uwa ba ta da alamar ƙwayar cuta, kuma akwai wurin kula da bakwaini. Miligiram 6 a tsoka duk awa 12, sau huɗu. Mutuwar jarirai ta sauko daga 23.5 cikin ɗari zuwa 19.6, wato an ceci ɗaya cikin kowane 25.

Wannan ya kawo mu ga sikanin, wato hoton ciki, wanda ya zama abin da mutane ke ɗauka shi ne awon zamani. Amfaninsa na gaske yana farkon ciki. Kafin mako na 14, tsawon ɗan tayi daga ka zuwa gindi yana faɗin makonni da kuskuren kwana biyar zuwa bakwai. A watannin ƙarshe kuskuren yana kai mako uku, domin a lokacin na'urar girma take aunawa, kuma ɗan da ya tsumbure a ciki sai ta ɗauke shi ƙaramin ciki. Shawarar Hukumar Lafiya ta Duniya hoto ɗaya ne kafin mako na 24, don a san makonni, a gano tagwaye, a ga nakasa. Abin da ke faruwa a garuruwanmu akasin haka ne: ba a yi da wuri, sai ciki ya tsufa a yi uku ko huɗu don a san mace ce ko namiji, a shagon da ba wanda zai gwada jinin matar. Binciken First Look na 2018 ya kai sikanin sau biyu ga mata a karkarar Kwango da Kenya da Zambiya da Guwatemala da Pakistan, kuma mutuwar uwaye da jarirai ba ta ragu ba. Na'urar ta ga matsala, amma motar da za ta kai matar, da jinin da za a ƙara mata, da ɗakin tiyata mai wuta ba su canza ba. Don haka idan gwamnati ko wani mai hali ya tashi taimaka wa asibitin ƙauye, ina ganin na'urar gwada jini mai kyau da batirinta, tsinken fitsari, ledar awon jini, magnesiyam da firij mai sola sun riga na'urar sikanin a layi.

Girman ɗan tayi kuwa ana binsa da tef irin na tela. Bayan mako na 24, a sa mace ta yi fitsari, ta kwanta, a auna daga saman ƙashin mara zuwa ƙololuwar mahaifa. Santimita kan yi daidai da makonni, da bambancin biyu ko uku. Gaskiya hujjar cewa tef shi kaɗai yana rage mutuwa ba ta da ƙarfi, kuma ƙiba da tagwaye da ƙari a mahaifa suna ruɗa shi. Amfaninsa yana cikin jerawa: 30 yau, 30 bayan mako biyu, 31 bayan wasu biyun, wannan ɗa ba ya girma, kuma sau da yawa mabiyiyar da ke tauye shi ita ce ke ɗaga jinin uwarsa. Kada kuma a ce "mu dama ƙanana muke haifa". Binciken INTERGROWTH-21st na 2014 ya bi mata masu lafiya da ƙoshi a ƙasashe takwas, daga Kenya zuwa Ingila zuwa Sin, ya tarar tsawo da girman kan 'ya'yansu kusan ɗaya ne. Ƙanƙantar da muke gani ta zazzaɓin cizon sauro ce, da ƙarancin jini, da yunwa, da hawan jini. A naƙuda kuma bugun zuciyarsa ake bi, 110 zuwa 160 a minti, a saurara minti guda cikakke bayan ciwon ya lafa, duk rabin awa, sannan duk minti biyar idan an fara nishi.

Na san amsar da za a ba ni, kuma tana da nauyi: malama ɗaya, mata tamanin, ranar awo ɗaya a mako. Minti biyar na hutu kafin gwajin kowacce ma kaɗai ya cinye yinin. Amma yawancin wannan tsari ne, kuma ana iya sauya shi. Ba dole ba ne awo ya zama rana ɗaya. A raba shi kwana biyar. Matan da ke kan benci sun riga sun huta, sai na'urar ta bi su a layi a hannun ma'aikacin lafiya na al'umma, malamar ta ga waɗanda lambarsu ta fita daga ƙa'ida da farko. A rage dogon jawabin safe da ake maimaitawa kowane mako. Kuma masu duba asibitoci su daina ƙirga katuna kawai, su tambaya: cikin matan da jininsu ya kai 160/110 a watan jiya, nawa aka ba magani cikin awa ɗaya?

Yawan zuwan ma bincike ne ya sauya shi. An daɗe ana cewa sau huɗu ya isa, sai da aka sake duba alƙaluman aka ga mutuwar 'ya'ya a ciki ta fi yawa a wannan tsarin, musamman tsakanin mako na 32 da 36. Shi ya sa tun 2016 aka koma takwas: kafin mako na 12, sai 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. Biyar daga ciki a watanni ukun ƙarshe suke, daidai lokacin da mai cikin fari ke tafiya goyon ciki gidan iyayenta, sau da yawa a wani gari, katin kuma a bar shi a ɗakin miji. Katin ya bi ta, da makonninta da jerin awon jininta a rubuce, ta nemi asibitin da ya fi kusa a makon da ta isa. Bayan haihuwa ma ba a gama ba: jijjiga tana zuwa a jego, galibi cikin kwana biyun farko, kuma jini yakan fi hawa tsakanin kwana na uku da na shida. Wadda jininta ya taɓa hawa a ciki a gwada ta kafin a sallame ta, a sake gwadawa a kwana na uku, a kuma sake kafin ranar suna.